Plex ko Jellyfin, kuma wace VPN zan saya?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da na tara bidiyon yara a kanta tun suna jarirai, da laccocin da nake saurare. So nake in riƙa kallo a talabijin da waya, ko da na yi tafiya. Cikin manhajojin da ke aika bidiyo daga kwamfuta zuwa talabijin da waya, Plex zan saka ko Jellyfin? Sannan wace VPN zan saya don kada wani ya leƙa mini?

Injiniya: Wa'alaikumus salam, Yallaɓai. Tambayoyi biyu ka haɗa, kowace da maganinta. VPN ta kasuwa aikinta ta ɓoye wa kamfanin da ke ba ka intanet shafukan da kake shiga. Ba ita za ta kai ka kwamfutarka ta gida ba.

Maman Sadiq: Ni dai Jellyfin nake amfani da ita, kuma ban yi da-na-sani ba. A ƙarshen 2018 ta ɓalle daga Emby, wata manhaja irinta, lokacin da Emby ta rufe lambobin manhajarta. Kyauta ce, ba ka rajista da kowa, sunanka da kalmar sirrinka suna kan kwamfutarka. Plex kuwa sai ka buɗe asusu a wurinsu. Shi ya sa da aka kutsa rumbun bayanansu a 2022 suka ce kowa ya sauya kalmar sirri. Bidiyon 'ya'yana ne, ban ga dalilin sa wani a tsakani ba.

Auta: Anti, a yi wa Plex adalci. Manhajarta ta talabijin ta fi sauƙin sha'ani. Mahaifiyarmu da kanta take lalubo abin da take so da rimot, ba ta kiran kowa.

Maman Sadiq: Gaskiyarka, Auta. Amma daga Afrilun 2025 kallo daga wajen gida ya koma na kuɗi a Plex, kuma shi Baban Amira ke nema.

Injiniya: Kafin ma a zaɓa, duba ƙwaƙwalwar kwamfutar. Idan wayarka ba ta iya buɗe fayil yadda yake, dole kwamfutar ta riƙa sauya masa fasali nan take. Na fara da wata tsohuwar laftof, ana danna bidiyo sai fankarta ta ɗauki kuka, ƙasanta ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, hoto yana tsayawa yana tafiya. Da na koma mai Intel Quick Sync, wato sashen ƙwaƙwalwar Intel da ke wannan aikin sauya bidiyo, ko motsin fankar ban ƙara ji ba. Jellyfin na amfani da shi kyauta, a Plex sai mai Plex Pass, tsarinsu na biyan kuɗi.

Hajiya Babba: Bari in sa baki kan VPN. Duk wadda ka saya, amana ce ka ɗauke daga hannun wani ka damƙa wa wani, don haka ka nemi wadda ba ta son saninka. Mullvad ta Suwidin ko imel ba ta tambaya, lamba mai alƙaluma 16 kawai za ta ba ka a matsayin asusu. A Afrilun 2023 'yan sanda sun je ofishinsu na Gothenburg da takardar bincike, suka fita hannu rabbana don babu bayanan masu amfani a ajiye. Wannan ya fi mini kowace talla. Proton VPN ta Suwizalan ma tana da kyau, kuma tsarinta na kyauta ba shi da iyakar data. Ku kuma riƙa duba mai kamfanin: ExpressVPN da CyberGhost da Private Internet Access duk na kamfani ɗaya ne, Kape.

Baban Amira: Na gode Hajiya. To yaya zan iso kwamfutar daga nesa?

Injiniya: Kada ka buɗe ƙofar 8096, wadda ake shiga Jellyfin ta cikinta, a rautarka ga duniya, masu laluben ƙofofi ba sa barci. Saka Tailscale, ita ma nau'in VPN ce, a kwamfutar da wayar. A kan fasahar VPN ta WireGuard aka gina ta, tana haɗa na'urorinka kamar suna ɗaki ɗaya, ko da kamfanin intanet ɗinka ya haɗa ku da yawa a adireshi guda. Sai dai ka sani, masu Tailscale suna ganin jerin na'urorinka, ko da yake ba sa ganin abin da ke wucewa. Wanda hakan bai kwanta masa ba, ya kafa Headscale da kansa, wato madadin cibiyar Tailscale da mutum ke riƙewa a nasa hannun.

Auta: Ƙarin bayani, Yaya: waya ba ta kunna VPN biyu lokaci guda. In ka kunna Mullvad, Tailscale za ta sauka. Akwai tsarin biya a cikin Tailscale da ke fitar da kai ta hanyar Mullvad, shi ke raba wannan gardamar.

Baban Amira: Na duba yanzu, i5 ce ƙarni na 8.

Injiniya: Ta wadatar, har bidiyo mai fasalin H.265 za ta ɗauka. Saka Jellyfin, ka kunna Quick Sync a saitin kallo, ka gwada a gida tukuna kafin Tailscale. Kuma ka kwafi bidiyon yaran a wani faifai daban yau ɗin nan, tun da ka ce kwamfutar tsohuwa ce.

Baban Amira: Yanzu ma na jona faifan, ya fara kwafa. Allah ya saka da alheri.