Shekara tara da baftisma amma har yau ba na magana da yayana

DanKwaya_Kwoi:
Salamar Ubangiji ƴan'uwa. Dan Allah ina da tambaya, ku yi haƙuri da tsawonta. An yi min baftisma tun 2016, ina cikin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ina zuwa zumuntar matasa duk Laraba, addu'ar dare ma ba na fashi, zakka ina fitarwa daidai ƙarfina. Amma ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya yau shekara ɗaya da wata huɗu ko gaisuwa babu, akan iyakar gonar citta da babanmu ya bari, ya shigo min kunya uku ya ce tun asali nasa ne. Ranar Lahadin da ta wuce aka yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, shi yana bencin baya ni ina gaba da rigar kwaya, da tiren ya iso kaina sai hannuna ya kama rawa, na dai ɗauka na ci amma raina bai kwanta ba har yanzu. Toh wai ta yaya mutum zai san yana girma cikin bangaskiya ne? Ko dai shekaru kawai nake ƙirgawa?

MamanZumunta:
Ɗana sannu. Wannan rawar hannun da ka ji ka gode wa Allah da ita, akwai masu ci shekara ashirin da gaba a zuciya ko gezau. Ka buɗe Matiyu 5:23 da 24, Yesu ya ce in ka kawo baikonka bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana da kai, ka ajiye baikon nan, ka je ku shirya tukuna. Bai ce sai in kai ne mai laifi ba fa. Ni da matar ƙanin mijina mun yi wata bakwai muna ɗaura zanin zumuntar mata ta coci iri ɗaya, muna waƙa ɗaya muna kaɗa tulu ɗaya, amma a bakin rijiya kowa sai ta kau da kai. Ni ce babba, ni na ɗauki kwanon tuwo na shiga ɗakinta, kuma ban ji daɗin yin hakan ba ko kaɗan a ranar, gaskiya zan faɗa maka.

Saurayin_Sabon_Rai:
Mama da girmanki, amma ni ban yarda a riƙa cewa Kirista ya bar haƙƙinsa kawai ba, shi ya sa ake raina mu ai. Bulus da kansa da za a yi masa bulala ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, duba Ayyukan Manzanni 22. A kira dattawan gida da mai unguwa su nuna iyaka, in kunya ukun nasa ne a ba shi abinsa. Yafiya daban, gona daban.

TsohonMaiBishara:
Saurayi maganarka akwai gaskiya a ciki, ba wanda ya hana a kira dattawa. Sai dai yaron nan ba gona ya tambaya ba, ya tambayi girma ne.

Ɗana, abubuwan da ka lissafta, kwaya da zakka da addu'ar dare, duk masu kyau ne amma ikilisiyar Korinti ta fi ka su. Suna da harsuna suna da annabci, ba baiwar da suka rasa, duk da haka a 1 Korintiyawa 3 Bulus ya kira su jarirai masu shan madara, kuma dalilin da ya bayar shi ne kishi da jayayya a tsakaninsu. Har kotu suke kai juna, sura 6. Ka lura kuma jerin da ke Galatiyawa 5:22 da 23, ƙauna, salama, haƙuri, tawali'u, kamunkai da sauransu, kusan ba wanda za a iya gwadawa a kan dakalin kwaya, sai a gida, sai wurin wanda ya taka ka.

Babana da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ya koyi karatu, yana bi da yatsa kalma kalma, sura guda sai ta cinye masa mako. Ko digon tauhidi bai yi a makaranta ba, amma in rigima ta tashi a ƙauyenmu har waɗanda ba sa shiga majami'a wurinsa suke zuwa. Ni da na yi makarantar Baibul sai da na wuce hamsin kafin bakina ya fara jin linzami, matata tana nan da rai ku tambaye ta. Kai manomin citta ne, ka san bayan an dasa an rufe da ciyawa ba a tonowa duk safiya a duba. Ka je wurin yayanka, kada ka ɗauki maganar gona ranar farko, gaisuwa kawai.

DanKwaya_Kwoi:
Na gode Baba, na gode Mama. Jiya da yamma na je. Na yi sallama sau uku bai fito ba alhali ga babur ɗinsa a ƙofa, matarsa ce ta kawo min kujera da ruwa, ƙaramin yaronsu ya hau cinyata yana tambaya ina na shiga kwana biyu. Na zauna kamar minti ashirin na taso, a hanya fushin ya so dawowa sabo fil. Baba in koma ni kaɗai ranar Asabar ko in nemi kawunmu ya raka ni?