Wane ayan ɗin solda ya dace da ƙananan bod na cikin waya da rediyo?

Jama'a ga abin da na tattaro daga hirar da muka yi da masu gyaran waya da rediyo a unguwar Nima da ke Accra, tunda ƙanina zai fara koyon aikin.

Kusan kowa ya ce a nemi wanda ake iya saita zafinsa, ko da wat 60 ne. Irin na wat 30 ko 40 da ake jonawa kawai yana aiki, amma sai ya yi ta ɗaukar zafi har ya ɗaga layin kofa, wato siririn jan ƙarfen da wuta ke bi, daga jikin bod, kuma wallahi in layin ya tashi aiki ya lalace. Dalmar solda ta 63/37, wato kashi 63 kuza da 37 gubar dalma, tana narkewa a digiri 183 na selshiyas, marar gubar dalma sai wajen 217, shi ya sa yawanci ake sa ayan tsakanin 320 da 350.

Kan bakin ayan kuwa an daɗe ana musu. Yara na son mai tsini kamar allura, manya suka ce mai ɗan faɗi ya fi isar da zafi, ni ma da su na yarda. Kar a kankare shi da fayil, a goge da jiƙaƙƙen soso, a bar masa 'yar dalma kafin a kashe.

Wani dattijo ya ja kunne kan kayan Amurka masu bolt 110, wutarmu 230 ce, zai ƙone. Saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta, wasu sun yaba wani ƙaramin ayan mai suna Pinecil mai USB-C, yana aiki da pawa bank mai ƙarfi. Ayan na kamfanonin Hakko da Weller akwai jabu, in ka je Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Accra, ka sa a jona a gwada a gabanka, ka tambaya ko ana samun bakinsa daban.