Na kwashi adashen dubu 180, ina ya kamata in sa su?

Ɗalibar BUK (Jami'ar Bayero, Kano) ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji uku a BUK, kuma tun ina aji biyu nake 'yar sana'ata. Duk Asabar nakan shiga Kantin Kwari in saro atamfa turmi biyar ko shida da 'yan hijabai, in ɗauki hotonsu in ɗora a WhatsApp, 'yan hostal da matan unguwarmu a Rijiyar Zaki su zaɓa. A kan kowane turmi nakan ɗora naira 1,500, wani lokaci 2,000. Da wannan nake zubin adashe, mu tara ne, dubu 20 duk wata.

Shekaranjiya uwar adashe ta turo min kwasata, naira 180,000 cif. Ban taɓa riƙe kuɗi nawa na kaina masu yawan haka ba. Daren nan sau uku ina farkawa ina duba waya.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta nuna min wata manhaja da take sa kuɗi, wai ana ba da ribar kashi 30 cikin 100 duk wata, kuma da idona na ga alat ɗin da ya shigo mata sau biyu. Ta ce in na shiga ta hannunta ita ma za a ba ta kamasho. Kawuna kuwa cewa ya yi in bar su a banki kawai, ni kuma ba na son kuɗin ruwa. Sannan a aji ana ta cewa da sabuwar dokar haraji duk kuɗin da ya shigo asusunka sai gwamnati ta yanki nata. To har dubu 20 ɗin NELFUND, asusun lamunin ɗalibai na gwamnati, da nake karɓa da abin da Baba ke turo min? Mahaifina ɗan fansho ne, mu shida ne a gabansa, ba na son in yi wasa da kuɗin nan. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Ɗan Kwari ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa albarka a neman. Shekarata ashirin da 'yan kai a kasuwar da kike sari, bari in fara da tambayar da ba ki yi ba: ke ce ta nawa a kwasa? In ba ke ce ta ƙarshe ba, to ba duka kuɗin nan ne naki ba. Zubin da ya rage a kanki amanar mutane ce, ki ware shi tun yau ki manta da shi.

Sai maganar riba. Kin ce kina samun 1,500 a turmi. Kin cire kuɗin A Daidaita Sahu daga Rijiyar Zaki zuwa Kwari da dawowa? Kin cire data, da leda, da naira 50 da ake cira in an tura dubu 10 zuwa sama? Turmi shida ribarsu 9,000 ce a baki, amma in kika zauna da biro za ki ga ta ragu sosai. Yaran da na yaye a shagona, wanda duk ya karye a cikinsu ba rashin ciniki ne ya karya shi ba. Aljihu ɗaya yake zuba uwar kuɗi da riba, ya ci abinci a ciki, ya yi anko a ciki, ranar sari ya ƙirga ya ga ba su kai ba, ya rasa inda suka bi.

Ki sayi littafi mai bango mai tauri. Shafin dama abin da ya fita, na hagu abin da ya shigo, can baya kuma sunayen masu bashi da ranar da suka ɗauka. Ki yanka wa kanki albashi, ko dubu 10 ne a wata, kada ki wuce shi. Bashi kuwa, na san ɗalibai, "sai an turo min daga gida" ba ta ƙarewa. Wadda ba ta biya na baya ba kada ki ba ta sabo, ko aminiyarki ce.

Ni dai da 'yar cikina ce, cewa zan yi ta ƙara jarin abin da ta riga ta iya. Mai ɗaukar turmi ashirin ba farashinsu ɗaya da mai ɗaukar biyar ba, kuma kuɗin motarku ɗaya. Ki kuma lura da lokaci: wanda ya sari kaya kafin azumi ya shiga shi ke cin kasuwar Sallah.

Maman Ilham ta amsa:

Ƙanwata, na roƙe ki da girman Allah kada ki sa ko sisi a manhajar nan. Ni ganau ce, ba jiyau ba. Ina shekarar ƙarshe a makaranta na sa dubu 50 a irinta, wata ya zagayo aka turo min 15,000. Na sake gwadawa, aka sake biya. Sai na cire 'yan kunnena na gwal da mahaifiyata ta saya min, na kai kasuwa na sayar, na haɗa da kuɗin rajista na zuba duka. Har yayata na jawo ta sa nata. Wata ranar Talata na buɗe don in cire, sai na ga an rubuta wai ana gyara, a dakata kwana uku. Kwana ukun nan har yau ba su cika ba. Rukunin WhatsApp ɗin ma da asuba aka watse da shi.

Kuɗin bai fi yi min ciwo ba kamar ranar da na durƙusa gaban Mama, ta kalli kunnena ba ta ce komai ba. Yayata kuwa sai da muka shekara ba ma doguwar magana.

Alat ɗin ƙawarki gaskiya ne, amma kuɗin waɗanda suka shigo bayanta ake ba ta, shi ya sa ake biyanta kamasho ta kawo ki. Ita ma ki ja ta gefe ki ce ta cire abin da za ta iya cirewa yanzu.

Akantan Zoo Road ya amsa:

Malama, abin da Alhaji Ɗan Kwari da Hajiya Maman Ilham suka faɗa haka yake, zan ƙara da lissafi ne kawai. In da gaske ana samun kashi 30 duk wata, kika bar 180,000 ɗinki suna juyawa, a wata 12 za su haura naira miliyan 4. Da akwai irin wannan sana'a, da attajiran Kwari da Singa da Dawanau sun rufe shagunansu sun koma can. Haka MMM, mai irin wannan alkawarin riba, ta tsaya cak a Disambar 2016, haka irinta CBEX ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Duk mai karɓar kuɗin mutane da sunan zuba jari dole ya yi rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, kuma ana iya duba sunansa a shafinta. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da suke yawan nunawa shaidar rajistar kamfani ce kawai, ba izinin juya kuɗin jama'a ba.

Maganar haraji kuma ki kwantar da hankalinki. Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, a kan abin da mutum ya samu take, ba a kan duk abin da ya ratsa asusunsa ba. Abin da Baba ya turo miki kyauta ce. Na NELFUND rance ne. Adashe kuɗinki ne suka dawo miki. A sana'arki ma riba ake dubawa, ba cinikin gaba ɗaya ba, kuma naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. A ce Allah ya buɗa ribarki ta kai miliyan ɗaya a shekara, 200,000 da suka hau ne za a cire wa kashi 15, wato 30,000, kuma hukumar tara haraji ta Jihar Kano ake biya. A nan littafin da Alhaji ya ce ki saya zai yi miki rana, domin wanda ba ya rubutu ba shi da hujjar raba jari da riba in an tambaye shi. In da hali ma ki buɗe asusu daban don kasuwancin.

Tunda kin ambaci NELFUND, ki riƙa tuna cewa bashi ne ko da yake babu ruwa a kansa. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 na abin da mutum ke samu. Na ga ɗalibai suna kashe shi kamar kyautar Sallah, abin yana damuna.

Shawarar Kawu tana da gefe biyu. Kuɗi a banki ba sa ɓata, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ma tana ba da kariya har naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna. Amma suna zagwanyewa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, ma'ana kayan dubu 100 na Disambar 2023 sun koma wajen dubu 135, kuɗinki kuma suna kwance yadda kika bar su. Don haka banki wurin ajiye kuɗin ko-ta-kwana ne, kamar na rashin lafiya ko rajistar zango mai zuwa. Tunda kina gudun ruwa, akwai bankunan da ba sa harkar ruwa: akwai Jaiz da ya fara aiki a 2012 kuma Kano na cikin rassansa na farko, akwai TAJ, akwai Lotus.

In kina son ki fara koyon zuba jari na hukuma, ki sa ido kan Sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa na gwamnatin tarayya, da ofishin kula da basussuka, DMO, ke fitarwa lokaci zuwa lokaci. An fara a 2017 da naira biliyan 100, aka yi hanyoyi da kuɗin; in kin taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri wataƙila kin ga allunansa. Da dubu 10 ana shiga, kuɗin haya ake biya sau biyu a shekara, sai dai na shekaru ne, ba na mai neman kuɗinsa gobe ba. Hannun jari kuma ta hannun dillali mai lasisi ake saye, a buɗe miki asusun CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin da kika saya. Yana hawa yana sauka, kuma ana cire kashi 10 daga ribar da kamfani ya raba. Ki bar shi tukuna sai kin karanta kin fahimta.

Malam Na Gwale ya amsa:

'Yar uwa, guzuri kaɗan. Zakka ba ta hau kanki ba tukuna, sai dukiya ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare, ta kuma shekara a hannunki, sannan a fitar da ɗaya cikin arba'in. Amma kayan sayarwa ana ƙiyasta su a haɗa da kuɗin hannu, ki san da wannan tun yanzu. Kuma in kin ba da bashi ki rubuta, umarni ne a Suratul Baƙara, aya ta 282.

Ɗalibar BUK ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Ɗan Kwari, ni ce ta shida, saura zubi uku a kaina, wallahi ban taɓa lissafa cewa dubu 60 ba nawa ba ne. Na ware su. Jiya na sayi littafin a bakin ƙofar makaranta, na zauna na rubuta masu bashina, mutum bakwai, naira 41,500. Ɗaya tun kafin hutun da ya wuce.

Dubu 30 zan ajiye don rajista, dubu 80 in ƙara a sari, dubu 10 kuma in jira fitowar Sukuk. Anti Maman Ilham, na karanta wa ƙawata saƙonki, ta yi shiru, daga baya ta ce za ta gwada cirewa ranar Litinin. Ku taya ni addu'a ya fita.

Baba, saura tambaya ɗaya. Mai bashin nan da ta daɗe 'yar ajinmu ce, tare muke karatun jarrabawa, kuma na san gidansu ba ƙarfi. Yaya zan tambaye ta ba tare da mun ɓata ba?