Gasar ƙirƙira kan noma: wace matsala ya kamata mu ɗauka?

Ɗalibar aikin gona, Katsina:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke shirin shiga gasar ƙirƙira ta ɗalibai kan noma mai ɗorewa, amma har yanzu bakinmu bai zo ɗaya ba. Biyu sun nace sai mun haɗa manhajar waya mai ba manomi shawarar lokacin shuka, ni kuwa hankalina yana kan tumatirin manoman rani na Ajiwa, domin na ga kwanduna jere a bakin hanya, ruwa yana tsiyaya daga gindinsu tun kafin motar ɗauka ta iso. Ina roƙon shawarar malamai da yayyenmu.

Malamin gona, Daura:
Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da idonki ya gani shi ne ya fi cancanta. Ki tuna da Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jigawa. Tukwanen ƙasa biyu ya haɗa, ƙarama a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, ta yadda ruwan da ke bushewa ta jikin babbar tukunyar yake janye zafi daga kayan miyan da ke ciki. Da wannan ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, ba tare da wutar lantarki ko ƙarfe ba. Sai dai dabarar tana aiki ne da hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta raguwa yake yi, kuma tukunya ba za ta ɗauki amfanin gona guda ba. A nan ne ɗalibai suke da abin ƙarawa.

Tsohon ɗalibi, Dutsin-Ma:
Malam ya yi gaskiya, amma ba na so a yi watsi da masu manhaja gaba ɗaya, tun da sanin farashin kasuwa kafin a tsinke tumatir shi ma yana rage asara. Mu na'urar auna danshin ƙasa muka kai wata gasa, ta yi aiki sarai a gaban alƙalai, sai ɗaya daga cikinsu ya tambaye mu nawa manomi zai saye ta, kuma wa zai gyara masa idan ta lalace a ƙauye. Shiru muka yi, a nan muka faɗi. Ƙanwata, ki dubi buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka: leda biyu a cikin buhu ɗaya, a ɗaure kowanne tam, ƙwarin wake su mutu don rashin iska, babu magani ko kaɗan. Ya karɓu ne saboda manomi yana iya lissafin ribarsa da kansa.

Ɗalibar aikin gona, Katsina:
Allah ya saka da alheri, Malam da Yaya. Mun zauna jiya, mun tsaya a kan akwatin busar da kauɗa da hasken rana, maimakon shanya a ƙasa inda ƙura da awaki suke ɓata ta. Ranar Asabar za mu koma Ajiwa da ma'auni, mu ga kilo nawa na kauɗa kwando ɗaya yake bayarwa, sannan mu tambayi kafinta kuɗin katako da raga.