Azumin kulle a Legas: me ya hana ku karaya?

Baban Sadiƙ, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Na lura samarinmu har sun fara mance azumin 2020. Daren 30 ga Maris aka kulle Legas saboda cutar korona, azumi ya kama 24 ga Afrilu, masallatai kuwa ba a buɗe su ba sai 7 ga Agusta. Ba asham a jam'i, ba zaman tafsiri, ba filin idi a sallah ƙarama da babba. Wanda ya yi wannan azumi a nan, ya ba mu labarin abin da ya riƙe masa zuciya.

Ɗan acaba, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Baba. Mu ai duka biyu muka sha. Tun 1 ga Fabrairu an hana acaba a su Ikeja da Surulere da Apapa, kulle ya zo ya ƙarasa mu. Abin da ya cece ni zauren WhatsApp na 'yan garinmu ne. Akwai wani malami a ciki, kullum bayan asuba sai ya turo saƙon murya, fassarar gajeriyar sura ɗaya, ba ya tsawaitawa don ya san kuɗin data. Amma abin da ba zan manta ba, wani dattijo ya rubuta cewa duk wanda ba shi da abin buɗa-baki kada ya yi magana a zaure, ya same shi ta gefe. Na daɗe ina juya wayar kafin na tura. Da la'asar wani yaro ya kawo garin rogo da wake da manja. Har yau ban san aljihun wa ya fita ba, kuma ba wanda ya taɓa yi min gori.

Maman Hafsa, Obalende: Allah ya saka wa wannan dattijo. Ni mahaifina ne ya rasu a Kano a ƙarshen Afrilu, lokacin nan da dattawa suka yi ta tafiya. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba mota, ba jirgi. A waya aka gaya min an kai shi. Na zauna a ɗaki ni da yara, ba mai shigowa ta'aziyya, abin da ya fi ci min rai ke nan. Sai matan Islamiyyarmu suka raba izu sittin a tsakaninsu ta waya, kowace ta gama nata ta rubuto, kafin magariba an sauke an yi masa addu'a. Daga nan suka shiga kira ɗaya bayan ɗaya. Wata ma ba ta iya cewa komai ba, kuka kawai muka yi. Maƙwabciyata Bayarabiya, wata Alhaja, ita ta riƙa ajiye min kwanon abinci a bakin ƙofa.

Baban Sadiƙ: Allah ya jiƙansa, 'yata, ya sa Aljanna makoma.

Mai gwari, Mile 12: Amin. Amma ku bari in faɗi ɗaya gefen. Wayar nan ta kuma tara mana shirme. Kowa ya zama malami, kowa ya zama likita: sha kaza, tura wa mutum goma ka ga buɗi. Na fita daga zauruka da yawa saboda haka. Tafsirin da malamai suka riƙa yi kai tsaye ta Facebook, wannan kam ya amfane ni, ko da yake datar rabin sa'a ta fi ƙarfin mai dako. Mukan sa waya ɗaya a kan buhun albasa mu zauna nesa-nesa. Motocin abinci ba a hana su ba, tumatir na zuwa masu saye ba yawa, sai muka ga gara a raba da ya ruɓe.

Mai gadi, Lekki: Ni Kirista ne daga Wusasa, ina fata ba laifi in sa baki. Istar 12 ga Afrilu a ɗakin gadi na yi ta. 'Yan majami'armu suka haɗa kira, muka rera waƙoƙin sujada da Hausa, muryoyi na rigan juna saboda sabis, muna dariya muna ci gaba. Abokin aikina Musulmi ne, wayarsa ta lalace, don haka ni nake tashinsa sahur, kuma a tawa yake sauraron malaminsa.

Baban Sadiƙ: Laifin me, ɗan'uwa? Ai tare muka sha. Na Idi-Araba, zauren nan naku yana nan kuwa?

Ɗan acaba: Yana nan Baba, sai dai talla da siyasa sun cinye rabinsa. Asusun taimakon 'yan zauren ne bai mutu ba. Da aka faɗaɗa hana acaba zuwa Mushin a Satumbar 2022, daga cikinsa aka yi wa wasu kuɗin motar komawa gida.