Malamina ya dawo mini da babi na biyu, ta ina zan kama?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina digiri na uku a fannin nazarin zamantakewa. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babin bitar ayyukan da suka gabata, ya ce "wane ya ce, wane ya ce" ne kawai, babu ra'ayina a ciki. Don Allah a ba ni shawara.

Wata malama: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bisa sunayen marubuta ka jera babin, alhali bisa batutuwa ake jera shi. Ajiye rubutun tukuna, ka buɗe Excel. Kowace maƙala ta samu layi guda: marubuci da shekara, tambayar da ya bi, inda ya yi binciken, yadda ya tattara bayanai, abin da ya gano, sai abin da ya bari. In teburin ya cika, za ka ga waɗanda bakinsu ya zo ɗaya da waɗanda suka saɓa. Kowane saɓani ya zama ƙaramin take. Ka buɗe sakin layi da hukuncinka, sannan ka kawo marubuta uku ko huɗu su ba da shaida, ka faɗi musabbabin saɓanin. Sau da yawa wani a birni ya yi aikinsa, wani a karkara, ko wani takardar tambayoyi ya raba, wani kuwa hira ya yi.

Wani dakta: Ƙari a kan bayanin Malama. "Ba a taɓa yin wannan a garinmu ba" ba hujjar ci gaba da bincike ba ce, mai jarrabawa na waje zai rushe ta nan take. Sai ka nuna abin da garin naku zai sauya a fahimtar da ake da ita.

Wani malami: Manazarta kuma ka bar wa Zotero, manhajar da ke tsara jerin ayyukan da ka ambata, kyauta ce, tana aiki cikin Word. Kada ka ambaci aikin da tsakurensa kaɗai ka karanta. Mujallar da ba ka sani ba, duba ta a Scopus ko DOAJ, rumbunan intanet masu jera mujallun da aka tantance, domin na bogi sun yi yawa. In za ka taƙaita maganar wani, rufe maƙalar ka rubuta da ka, sauya kalma ɗaya ko biyu ba ya tsallake Turnitin, manhajar da ke gano kwafen rubutun wani.

Wata malama: Kuma kada ka gyara babin duka ka kai. Gyara sashe ɗaya, kamar shafi biyar, ka haɗa da teburin, ka tambayi Malam ko haka yake nufi. In ya amince, sai ka bi sauran da wannan salon.