Littafin bashin Baffa ya ƙi daidaita a Excel, ina na kuskure?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum. Ina shekarar farko ta difloma a ɓangaren kasuwanci a nan Kano, kuma wannan zangon muna da kwas na aiki da kwamfuta: Word, Excel, sai ɗan Access a ƙarshe. Gaskiya yawancinsa a allo muke yi. Ranar gwaji mu biyar muke yanyame kwamfuta ɗaya, kafin layi ya zo kanka an ɗauke wuta.

Baffana yana da shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda da ɗan leshi, nakan je taya shi ranar Asabar. Da ya ji abin da nake karantawa sai ya jawo littafin bashinsa, wani dogo mai baƙin bango da ake ɗaurewa da roba, ya ce, "To ɗan boko, zuba mana wannan a na'ura." Na ari laftof ɗin yayata, na yi dare tara ina bugawa, layi 640.

Ga inda na maƙale. Jimillar da Excel ya ba ni ta gaza ta Baffa da naira 186,500, shi kuwa da kalkuleta ya buga sau biyu a gabana. Lambobin wayar mutane duk sifilin farko ya gudu. Sannan na sa SUMIF, umarnin Excel mai tara kuɗin da ke gaban suna ɗaya, ya tattaro min bashin wani Alhaji da ke zuwa sari daga Damagaram, ya kawo min abin da bai kai rabi ba. Malaminmu ya ce bayanan kasuwa a rumbun bayanai ake ajiye su. Shin in watsar da wannan in koma Access, manhajar rumbun bayanai, ne? Baffa har ya fara yi min kallon nan.

Akawun Singa:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, kwantar da hankalinka, Excel bai ci maka ko kwabo ba. Ni ma haka na yi lokacin da na fara riƙe lissafin wani shagon sarin kayan masarufi.

Buɗe fayil ɗin ka dubi jerin kuɗin daga sama zuwa ƙasa. Lamba ta gaskiya tana jingina da dama, rubutu kuma yana jingina da hagu, in dai ba kai ka sauya musu zama ba. Duk inda ka ga kuɗi ya koma hagu, Excel ya ɗauke shi a matsayin rubutu, kuma SUM, umarnin da ke haɗa jimilla, tsallake shi yake yi ba tare da ya ce maka uffan ba. Na tabbata akwai inda ka kwafo yadda Baffa ya rubuta, irin su N45,000 ko "45,000 saura". Goge harafin, ka bar lambar ita kaɗai, bayanin ka ba shi gidansa daban.

Sifilin waya kuwa, shi Excel a wurinsa 0803 da 803 duk ɗaya ne. Ka mayar da jerin gaba ɗaya zuwa Text, wato tsarin rubutu, kafin ka buga, ko ka fara da alamar ' sannan lambar. Haka za ka yi wa lambar asusun banki mai lamba 10, don wasu da sifili suke farawa. Ka kuma duba kwanan wata: in an saita laftof ɗin a tsarin Amurka, ka buga 3/4 da nufin 3 ga Afrilu, shi 4 ga Maris zai karanta.

Malama daga Gwale:

Akawu ya gama da na farko da na biyu. Na ukun shi ne ainihin darasin kwas ɗinku, ko da yake a allo ba ya fitowa.

Ɗana, je ka ƙirga yadda ka rubuta sunan mutumin Damagaram ɗin. Wani wuri "Alh.", wani wuri "Alhaji", wani wuri ka ƙara garinsu, wani wuri ka bar tazara a ƙarshen suna ba ka sani ba. Kai da Baffanka kun san mutum ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum huɗu take gani. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi muni: shago ɗaya a Kwari zai iya samun masu sari uku masu suna ɗaya, a ɗora wa wani bashin wani.

Maganinsa shi ne kowane abokin ciniki ka ba shi lambarsa da ba ta maimaituwa. Ka buɗe shafi uku. Na farko mutane: lamba, suna, gari, waya, kowa layi ɗaya tak. Na biyu kaya da farashinsu. Na uku shi ne na yau da kullum: rana, lambar mutum, lambar kaya, adadi, kuɗi, da ko ɗauka ya yi ko biya. A shafi na uku ba ka sake buga suna, umarnin nema na VLOOKUP ne zai ɗauko shi daga na farko. In ka sa Data Validation, mai taƙaita abin da za a iya shigarwa, lambar ma zaɓa za ka riƙa yi daga jeri.

In ka yi wannan da hannunka, ka riga ka fahimci abin da Access yake yi, don shi ma tebura ne da lambar shaida ke haɗa su, sai dai shi yana iya hana ka shigar da ciniki ga mutumin da babu shi a rajista. Ka koye shi don jarrabawa da kuma lokacin SIWES, wato horon aiki da ɗalibai ke zuwa a ma'aikatu. Amma shagon Baffa, layi 640 a shafin da ke ɗaukar layi 1,048,576, bar shi a Excel. Access ba ya aiki a waya, fayil ɗin Excel kuwa za ka buɗe shi a wayarka kana tsaye a shago.

Tsohon ɗan Kwari:

Ni ban san waɗannan sunaye da kuke kira ba, yarona ne yake min. Abu biyu zan ce. Turmin atamfa yadi shida ne, shadda kuma wani da yadi zai saya wani da bandir. In ka rubuta 5 kawai, biyar ɗin me? Mu mun sha wannan. Mutanen Nijar kuma wani da sefa yake biya, ka rubuta canjin ranar a gefe.

Na biyu, kada ka kuskura ka ce wa Baffanka ya ajiye littafinsa. Kuma bashin mutane sirri ne, laftof ɗin aro ce ka ce. Ka sa wa fayil ɗin makulli, ka ajiye kwafi a wani wuri.

Ɗan Ƙofar Mata:

Allah ya saka da alheri. Yaya Akawu, layi 6 na samu sun jingina da hagu, biyu ma da N na buga su. Malama, sunan nasa kala biyar na rubuta, kunya kamar in nutse. Baba, na sa makulli, na tura kwafi imel ɗina.

Bayan gyara sai lissafin ya juye, nawa ya ɗara na Baffa da 12,000. Na kai masa, ya bi da yatsa har ya tsaya a kan wata mata mai sayar da atamfa a gida da ta rasu bara. Ya ce ai wannan ya yafe tun ranar sadakar uku, shi ya sa ba ya haɗawa, bai dai soke a littafi ba. To wannan goge layin zan yi?

Malama daga Gwale:

Allah ya jiƙanta. Kada ka goge. Ƙara sabon layi da lambarta, a wurin ɗauka ko biya ka rubuta "yafiya", kuɗin 12,000, ranar kuma ka tambayi Baffa.